Waiwaye: Yadda Matsalar Shekarar 2000 Ta Sauya Kasuwar Masu Rubuta Manhaja

A shekarun 1960 wurin adana bayanai a kwamfuta yana da tsadar gaske, kuma katin da ake hudawa don shigar da bayanai, wanda kamfanin IBM ya yaɗa, gurbi 80 kacal yake da shi. Saboda haka masu rubuta manhaja suka saba taƙaita shekara zuwa lambobi biyu na ƙarshe, su sa 65 a maimakon 1965. A zamanin ana ɗaukar wannan a matsayin tsimi da ƙwarewa, domin ba a zaci manhajojin za su shekara talatin suna aiki ba. Alan Greenspan, wanda ya shugabanci babban bankin Amurka, ya shaida wa majalisar dattawan ƙasar a 1998 cewa shi ma ya yi irin wannan matsi lokacin da yake rubuta manhaja, har yana alfahari da shi.

An daɗe da sanin cewa idan aka shiga shekarar 2000 kwamfuta za ta iya ɗaukar 00 a matsayin 1900, lissafin kuɗin ruwa da fansho da albashi ya rikice. Bob Bemer, ɗaya daga cikin magabatan fannin, ya yi gargaɗi a rubuce tun 1971. Kamfanoni suka yi biris, kuma dalilinsu na kuɗi ne: gyaran tsohuwar manhaja ba ya kawo sabon ciniki, manajan da ya ware masa kasafi kuwa ba shi zai ga amfaninsa ba. Haka aka yi ta ɗage aikin har wa'adi ya matso.

Daga tsakiyar shekarun 1990 hankali ya tashi. Yawancin manhajojin bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati an rubuta su ne da COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙiro a 1959, waɗanda suka rubuta su kuwa da dama sun yi ritaya ba tare da barin cikakken bayanin abin da suka yi ba. Dole sai mutum ya bi layi bayan layi yana neman inda aka sa kwanan wata, aiki mai gajiyarwa da ke buƙatar hannaye masu yawa fiye da basira. Amurka ta ƙara yawan bizar ƙwararru ta H-1B daga 65,000 zuwa 115,000 a 1998, amma babban kaso na aikin ya tafi Indiya, inda kamfanoni irin su TCS da Infosys da Wipro ke da injiniyoyi masu jin Turanci a kan albashin da bai kai na takwarorinsu na Amurka ba ko kusa. A ganina wannan ne babban abin da matsalar ta bari, domin bayan an wuce shekarar 2000 kamfanonin Yamma ba su janye kwangilolin ba, sun riga sun saba da arahar. Amurka kaɗai ta kashe kimanin dala biliyan 100, kuma da ranar 1 ga Janairun 2000 ta zo ba tare da wata babbar ɓarna ba, wasu suka ce dama an zuzuta lamarin.

Ingancin gyaran kansa abin dubawa ne. Maimakon faɗaɗa shekara zuwa lambobi huɗu, wurare da yawa sun zaɓi hanya mai sauƙin kuɗi, suka umarci manhaja ta ɗauki ƙananan lambobi, misali daga 00 zuwa 19, a matsayin ƙarni na 21, sauran kuma na 20. Manhajojin da aka yi wa irin wannan faci wasunsu sun sake tuntuɓe a farkon 2020. A watan Afrilun shekarar kuma, lokacin da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsohon tsarin jihar New Jersey yawa, gwamna Phil Murphy ya fito bainar jama'a yana neman 'yan sa-kai da suka iya COBOL.