Gidan Cragside na Ingila: amsoshin tambayoyin da aka sha yi mini

An yi mini waɗannan tambayoyi har ba na iya ƙirgawa, saboda haka na tara amsoshin a wuri guda, kuma ina roƙon a karanta kafin a sake tambaya.

Fadar sarki ce?

A'a. Gidan William Armstrong ne, injiniyan da ya yi arziki da ƙera manyan bindigogi a Newcastle. Yana kusa da garin Rothbury a Northumberland, can arewacin Ingila.

Me ake nufi da gidan zamanin Biktoriya?

An gina shi a lokacin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Iyakar ma'anar ke nan.

Me ya sa ginin ya yi kamar an jojjona shi?

Domin jojjona shi aka yi. Armstrong ya fara da ɗan ƙaramin gidan hutawa a 1863, sannan daga 1869 mai zanen gini Richard Norman Shaw ya shafe kusan shekara 15 yana ƙara masa sassa a kan gangaren dutse. Dogayen bututun hayaƙi, da baƙaƙen katakan da aka gicciya a jikin farin bango, da rufin da wani ya ɗara wani tsayi, duk da gangan aka yi su don gidan ya yi kama da na kakannin Turawan Ingila. Masu cewa maginan ba su iya daidaita layi ba, su daina faɗar haka, domin abin yana ɓata mini rai. Duk wanda ya tsaya gaban murhun babban falo, wanda aka sassaƙa da marmara mai nauyin tan 10 ya kusa taɓa rufi, ya san gwanaye ne suka yi aikin nan.

Idan mutum ya mallaki irin wannan gida, yana iya gyara shi yadda yake so?

Nan ne ake yawan faɗawa rami, kuma amsar ta danganta da abin da ake kira gyara. Cragside yana mataki na ɗaya a rajistar gine-ginen da doka ta kare, matakin da kusan kashi 2.5 cikin ɗari kawai na gine-ginen rajistar suke kai. A ƙarƙashin dokar kare tsoffin gine-gine ta 1990, kariyar ta shafi ciki da waje, har da matakala da ƙofofi da adon rufi, ko da gidan yana mataki na ƙasa. Duk aikin da zai canza kamannin da ya sa aka kare ginin yana buƙatar izinin ƙaramar hukuma, kuma yin sa babu izini laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 2.

To amma a kwantar da hankali, ba a ce a naɗe hannu har rufi ya rufta ba. Ƙaramin gyara da irin kayan asali, kamar mayar da fale-falen rufi guda uku da iska ta ɗauke, galibi ba ya buƙatar izini. Na ce galibi, domin idan gyaran ya yi faɗi, ko za a cire tsohuwar tagar katako a sa ta roba, magana ta canza, kuma jami'in wannan ƙaramar hukuma yana iya ganin abin daban da na waccan. Shawarata ita ce a rubuta musu tun kafin a kira magini, a kuma adana amsar a rubuce.

Abin da na fi tsoro shi ne siminti. Tsoffin bangayen nan da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗora duwatsunsu, kuma ta cikinsa danshi yake fita. Idan aka liƙe tsakanin duwatsun da siminti, ruwa ya rasa mafita, sai ya maƙale cikin dutse, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓamɓarewa. Wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka shafe da siminti ta kumbura bayan damina biyu ya san abin da nake faɗa.

Da gaske ne akwai lantarki tun wancan lokaci?

Da gaske ne, kuma wannan ya kamata a fara tambaya. Shi ne gida na farko a duniya da aka haskaka da lantarkin ƙarfin ruwa, a 1878, daga tafkunan da Armstrong ya haƙa a saman tudu. A 1880 aka sa ƙwayayen fitilar Joseph Swan, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ƙwan lantarki. Ruwan ne kuma yake ɗaga na'urar hawa bene, yake juya ƙarfen gasa nama a kicin.

Ana iya shiga?

Ana iya. National Trust, ƙungiyar da take kula da gidaje da wuraren tarihi, ita ce take riƙe da gidan tun 1977. A duba ranakun buɗewa kafin a kama hanya.