Ziyarar manyan lambunan duniya daga Saudiyya: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da hutun makarantu ya gabato, 'yan'uwa mazauna Jidda, Makka da Madina kan tambayi inda za a kai iyali su ga kore, su sha inuwa. Ga amsar tambayoyin da aka fi yi a kan lambunan tsirrai da tsofaffin lambunan sarakuna.

Mene ne bambancin lambun tsirrai da wurin shan iska?

A duba jikin itatuwan. A lambun tsirrai kowace itaciya tana da ɗan allonta, ɗauke da sunanta na Latin, danginta da ƙasar da ta fito. Za ka tarar da kuka an rubuta mata Adansonia digitata, dabino Phoenix dactylifera, darbejiya kuwa, irin wadda ke yi wa alhazai inuwa a Arfa, Azadirachta indica. Ajiya da bincike ne aikin wurin, shi ya sa ba a tsinkar ganye. Na Paduwa a Italiya, wanda aka kafa a 1545 don koya wa ɗaliban likitanci itatuwan magani, har yau yana inda aka fara shi.

Sai an bar Saudiyya ne za a ga abin kirki?

A'a. Ɗa'if tana nan a kan duwatsu, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka daga Makka. Furen wardinta yana buɗewa a Maris da Afrilu, kuma tun da asuba ake tsinkarsa, don rana na ɗagawa ƙamshin ya fara gudu. Wanda ya isa gona da hantsi sai dai ya nufi matatar turare, inda ake dafa fure sama da 10,000 a tukunyar tagulla kafin a samu tola ɗaya ta mai, wato cikin 'yar ƙaramar kwalbar turare. A gabas kuma akwai Ahsa, mai dabino fiye da miliyan 2 da rabi, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2018.

Taki ɗaya gaba, sai Masar. Lambun Aswan tsibiri ne a tsakiyar Nilu, da kwale-kwale ake shigarsa. A daidaita kuɗin zuwa da dawowa da mai jirgi tun ana gaɓa.

A Turai da Asiya fa, wanne ya cancanci kuɗin jirgi?

In tarin tsirrai ake so, Kew a Landan. An kafa shi a 1759, faɗinsa kimanin hekta 130, ba a gama shi a wuni ɗaya, kada ma a gwada. A zaɓi wuri uku, a fara da gidan gilashin da aka kammala a 1848 don itatuwan ƙasashe masu zafi. Cikinsa zafi ne da raɓa kamar Jidda a watan Satumba, tabarau da idon kyamara za su yi hazo, a ba su 'yan mintuna su washe.

Na Singafo, wanda aka kafa a 1859, kyauta ake shiga tun daga ƙarfe 5 na asuba har 12 na dare, sashen furannin okid kaɗai ake biya.

Amma ga wanda ke zaune a ƙasar da ruwa ke da tsada, babu kamar lambun Janaralife da ke jikin fadar Alhamra a Garnaɗa, ƙasar Sifen. Sarakunan Banu Nasar sun janyo ruwa daga kogin Daro ta magudana mai tsawon kilomita 6, ba inji ba famfo, gangara ce kawai. Akwai wata matattakala da aka fafe saman bangonta hagu da dama, ruwa yana gudu a ciki, kana hawa kana tsoma hannu. A lura da yadda aka ƙuntata hanyoyi, aka ɗaga bango, aka matse itatuwa, duk don inuwa ta riƙe sanyin ruwan. Irin wannan tunani ne a lambun Shalimar na Lahor, wanda Sarki Shah Jahan ya gina a 1641 hawa uku, ruwa yana saukowa daga wannan hawa zuwa wancan.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Nan ne akasari ake yin asara. Dogon hutun makarantun Saudiyya yana faɗowa a tsakiyar zafi, lokacin da Aswan, Lahor da Garnaɗa ke kaiwa digiri 40. Aswan ta Nuwamba zuwa Fabrairu ce, Garnaɗa ta Afrilu da Mayu. Landan ce ta dace da hutun, sai dai a san cewa a watan Yuni magariba tana wuce ƙarfe 9. Lambun Kekenhof na Holan mako takwas kacal yake buɗewa a shekara, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu. Lambun Kirstenbosh na Kef Tawun a Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1913, yanayinsa a juye yake da namu: Yuni da Yuli sanyi ne da ruwan sama, furanni sai ƙarshen Agusta zuwa Oktoba.

Waɗanne takardu ake bukata?

Bizar fita da dawowa tukuna. Galibi kafili ne ke fitar wa ma'aikaci, shi kuma ya fitar wa iyalinsa ta manhajar gwamnati ta Absher, kuma a tabbata iƙama, wato takardar izinin zama, ba za ta mutu ana hanya ba. Bizar Shengen ta isa Sifen, Italiya da Holan, amma ba ta shiga Ingila. Tikitin Alhamra da sunan mutum ake yankarsa, ana duba fasfo a ƙofa, ɗakunan fadar kuma suna da sa'ar shiga. In ta wuce, ta wuce. A saya ta intanet makonni kafin tafiya.

Ana iya dawowa da iri ko dashe?

Dashe mai ƙasa a saiwa kwastan ba za su bari ya wuce ba, saboda ƙwari da cututtukan da ke ɓuya a ciki. Tsiro mai rai yana bukatar takardar shaidar lafiyarsa daga ƙasar da ya fito, okid kuma har da izini na musamman. Ko ya iso, sau da yawa kuɗin ya tafi a banza. Albasar furen tulif sai ta sha sanyin mako 12 zuwa 16 kafin ta yi fure, abin da Jidda ba ta da shi. A ɗauki hoton allon itaciyar da ta burge, a nuna wa masu sayar da dashe a nan gida sunanta na Latin, a tambaye su danginta da ke jure zafi da ruwa mai gishiri-gishiri.