Kafin a kira ta juya, maigida ya kai nasa gwajin

A cibiyar lafiyar da nake aiki a nan Sakkwato, na saba ganin mace ta shigo ita kaɗai, riƙe da leda cike da takardun hoton ciki da na gwajin jini, shekara biyar da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. In na ce, "Hajiya, maigida fa, an duba shi?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya ce shi lafiyarsa ƙalau." Wani har ya ƙaro aure, amaryar ma shiru.

Abin nan yana ci mini rai. Cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa nisa, kusan rabi akwai matsala ta ɓangaren namiji. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyin maniyyinsa daban. Ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba, hangum da ya kama mutum bayan ya balaga, kumburin jijiyoyin maraina, shan sigari, duk suna iya rage ƙwayoyin ko su kashe musu kuzari. Gwajin kuwa ba wuya: mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a ɗan mazubi. In an shekara ana nema babu labari, ku je tare wurin likita a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In matar ta haura 35, wata 6 ya isa.

To, idan aka ga ƙwayoyin sun yi ƙaranci sosai fa? A nan ne likita zai iya kawo maganar ICSI, wato haɗa ƙwan mace da ƙwayar maniyyi a ɗakin gwaji. Ana yi wa matar allurai na kimanin kwana 10 zuwa 12 don ƙwayayenta su nuna da yawa, a zaro su, sannan a ƙarƙashin madubin likita a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak da allurar gilas wadda ta fi gashi siranta, a soka ta cikin ƙwan. Bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da wanda ya haɗu cikin mahaifa. Ko babu ƙwaya a maniyyin, wani lokaci ana samo ta daga marainan kai tsaye. A 1992 aka haifi jariran farko ta wannan hanya a birnin Burasel na Beljiyam.

Amma kada a sayar da gona a kan zato. Zagaye ɗaya yana cin miliyoyin naira, galibi sai an tafi Abuja ko Legas, kuma ba kowane zagaye ne yake zama ciki ba. Shekarun matar su ne kan gaba wajen nasara. Wahalar allurai ita ke sha, ko da matsalar ta mijin ce, don haka ya kamata ya tsaya mata. Tun 1980 fatawar Masar ta halatta irin wannan aiki in maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, kuma aurensu yana nan.

Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi asibitin: mata nawa masu shekarun matarka suka haihu a hannunsu, ƙwai nawa za su mayar, kuma kuɗin ya haɗa da magunguna ko a'a.