Gashin tanderu da juriyar tsatsa a ƙarafan bugun 3D

Ƙirar ƙarfe ta bugun 3D hanya ce da ake shimfiɗa garin ƙarfe, hasken lesa ya narkar da shi daki-daki har siffar da ake so ta fito. An soma bunƙasa ta a cibiyar Fraunhofer da ke Aachen a Jamus, wajen tsakiyar shekarun 1990. Da yake narkakken ƙarfen yana sandarewa cikin ƙiftawar ido, sassan da aka ƙera kan fito da taurin ciki, wato ɗamewar da ta rage a cikin ƙarfen, wanda zai iya jawo tsagewa, shi ya sa ake sa su a tanderu bayan ƙira. Wannan gashi yana sauya yadda ƙarfen ke jure tsatsa, kuma ba kullum ne sauyin ke da amfani ba.

Ƙarfe marar tsatsa na 316L

A kan wannan ƙarfe aka fi yin bincike. Yana ɗauke da kuromiyom kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da molibdenom kashi 2 zuwa 3, kuma kuromiyom ɗin ne ke yi masa siririyar fata mai kare shi. A ƙarfen masana'antar gargajiya, ruwan gishiri kan fara huda wannan fata daga wuraren da manganis ya haɗu da farar wuta. Saurin sandarewar bugun 3D ba ya ba wannan haɗi damar girma, don haka sashen da ba a gasa ba sau da yawa ya fi na gargajiya jure ramukan tsatsa, matuƙar dai babu kofofin iska a cikinsa.

Gashi a wajen digiri 650 na ma'aunin Celsius yana rage taurin ciki ba tare da rusa ƙananan ɗakunan da saurin sandarewa ke haifarwa a cikin ƙarfen ba, sai dai daɗewa tsakanin digiri 450 da 850 na iya sa kuromiyom ya haɗe da kabon a bakin ƙwayoyi, wato ƙananan sassan da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen, gefensu ya rasa kariya. Idan zafin ya haura digiri 1,000, ɗakunan kan ɓace, haɗin manganis da farar wuta ya sake bayyana, juriyar ramuka ta ragu. Masana ba su yi ittifaƙi a kan zafin da ya fi dacewa ba, domin sakamakon ya danganta da garin da kuma injin.

Sauran ƙarafa

A alminiyom na AlSi10Mg, wanda aka gauraya da silikon da magnesiyom, silikon kan yi saƙa siririya a kewayen ƙwayoyi, gashi a wajen digiri 300 ya tsinka ta, zafin da ya fi haka kuma ya mayar da ita manyan ƙwayoyi da ke ingiza cin alminiyom ɗin da ke gefensu. Titaniyom na Ti-6Al-4V, wanda ake dasawa a jikin mutum, yawanci juriyarsa ƙaruwa take yi bayan gashi a wajen digiri 800.