Waiwaye: Yadda karfasar Afirka ta je Filifin ta dawo da sabon suna

A shekarar 1965 Akihito, wanda a lokacin shi ne yarima mai jiran gadon Japan, ya bai wa sarkin Tailan kyautar karfasa guda 50. Aka zuba su a tafkin fadar Chitralada da ke birnin Bankok, suka hayayyafa, aka shiga raba wa manoma 'ya'yansu. Kusan ta irin wannan hanya karfasar kogin Nilu ta shiga yawancin ƙasashen Asiya: 'yan kaɗan ake ɗaukowa, daga su kuma a yi ta samun zuriya. Kafin shekarun 1980 su yi nisa, illar hakan ta fito fili a gonakin kifi na Filifin. Dangi na ta barbarar dangi, girma ya ragu, ga kuma jinin kifin ya gauraya da na karfasar Mozambik, wadda ke saurin balaga ta cika tafki da ƙananan kifayen da ba mai saye.

Wannan matsala ce ta haifar da aikin inganta irin karfasar kiwo da aka fi sani da GIFT, wanda aka fara a 1988, kuma da wannan suna ake kiran kifin da aikin ya samar. Cibiyar binciken kifi ta duniya, ICLARM, wadda a lokacin hedikwatarta ke Manila kuma yau ake kiranta WorldFish, ita ta jagoranta. Abokan aikinta su ne hukumar kula da kamun kifi ta Filifin, da cibiyar kiwon kifin ruwan daɗi ta Jami'ar Central Luzon, da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Filifin, sai kuma cibiyar binciken kiwon kifi ta AKVAFORSK ta ƙasar Norwe. Bankin Raya Asiya da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da kuɗi. Mutanen Norwe ba su da karfasa a ruwansu mai sanyi, amma tun 1971 suke zaɓen irin kifin salmon iyali-iyali, kuma wannan ƙwarewar ce aka nema a wurinsu.

Yana da kyau a kawar da wani ruɗani tun nan. Ba a dasa wa GIFT wata baƙuwar ƙwayar halitta a ɗakin gwaji ba. Zaɓe ne irin na makiyayin da ke ware bijimi mai kyau ya bar wa garke, sai dai a nan an haɗa da ma'auni da rijista da lissafi.

Matakin farko shi ne faɗaɗa tushe. An ɗebo karfasar daji daga ƙasashen Afirka huɗu, Masar da Ghana da Kenya da Senegal, aka haɗa da iri huɗu da ake kiwo a Filifin, waɗanda ake kira da sunan inda suka biyo: Isra'ila, Singafo, Taiwan da Tailan. Aka gwada takwas ɗin a wuraren kiwo iri-iri, daga tafkin ƙasa mai taki zuwa keji da gonar shinkafa. Sakamakon ya bai wa mutane da yawa mamaki. Kifin daji na Masar da na Kenya, wanda bai taɓa zama a gona ba, ya yi kafaɗa da kafaɗa da na gonakin Asiya, wani wurin ma ya wuce su. Na Ghana ne ya zo baya a girma. Daga nan aka haɗa kowane iri da kowane, haɗi 64 ke nan, don a ga ko gauraya kawai za ta wadatar. Ba ta wadatar ba, ƙarin girman da ta kawo a matsakaici bai wuce wajen kashi 4 cikin ɗari ba. Shi ya sa aka ɗauki 25 mafiya kyau daga cikin haɗe-haɗen aka yi garke guda da su, aka koma ga zaɓe zuriya bayan zuriya.

Yadda ake zaɓen shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne masu kwaikwayo suka fi tuntuɓe. Ana sa namiji ɗaya da mace ɗaya a ƙaramin kejin raga mai faɗin mita ɗaya da aka kafa cikin tafki, sannan a sake haɗa namijin da mace ta biyu, domin a samu 'yan uba da za a kwatanta. Macen karfasa a baki take riƙe ƙwanta, don haka ana duba ta a kai a kai a karɓe 'ya'yan. Kowane iyali a renonsa daban har kifin ya kai 'yan giram da zai iya ɗaukar alama. A farkon aikin alamar roba ake maƙala masa, daga baya aka koma ga 'yar ƙwayar lantarki da ake cusawa a ciki mai ɗauke da lamba. Sai a zuba iyalai sama da ɗari a tafki ɗaya su yi kamar wata huɗu, ruwansu ɗaya, abincinsu ɗaya, a kwashe a auna kowanne.

Ba babban kifi kawai ake ɗauka ba. Kifi na iya girma don ya riga 'yan uwansa ƙyanƙyashewa da mako guda, ko don shi namiji ne, tunda namijin karfasa ya fi mace saurin girma. Ana cire tasirin shekaru da jinsi da wurin reno a lissafi, a haɗa nauyin kifin da na 'yan uwansa da iyayensa, a fitar da ƙimar abin da zai iya gadar wa 'ya'yansa. Sannan a hana 'yan uwa na kusa haɗuwa, a kuma bar iyalai da yawa su ba da iyaye ko da wasu ba su ne kan gaba ba. Wanda ya kwashi iyaye daga iyalai uku ko huɗu da suka fi girma zai ga riba a zuriyar farko, a ta uku kuma ya fara ganin ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa da 'ya'ya masu karkataccen baya.

Da aikin ya ƙare a 1997 an yi zaɓe sau biyar. Kowace zuriya ta ƙara girma da kashi 12 zuwa 17 cikin ɗari, jimilla wajen kashi 85 a kan garken da aka fara da shi. Tun kafin nan an kafa ƙungiyar INGA a 1993 don musayar iri da horar da masana, kuma daga 1994 aka gwada kifin a Bangladesh, Sin, Tailan, Biyetnam da Filifin. Wani bincike da Bankin Raya Asiya ya yi ya nuna cewa a 2003 kashi 68 cikin ɗari na 'ya'yan karfasar da aka samar a Filifin GIFT ne ko zuriyarsa, a Tailan kuma kashi 46. Dangantakar wannan da ɗorewar kiwo a bayyane take. Abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo, kuma karfasa na rayuwa da abincin da akasarinsa tsiro ne, ba ta buƙatar garin kifi mai yawa kamar kifaye masu cin nama. Kifin da ya kai kasuwa da wuri ya rage kwanakin da ruwa da fili ke ɗaure.

Da tallafin ya yanke, tambayar wa zai riƙe garken ta taso. An kafa gidauniya a Filifin, wadda a 1999 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin GenoMar na Norwe. Wani reshe na iyalan kuma ya bi cibiyar ICLARM zuwa Malesiya bayan ta koma Penang a 2000, aka ci gaba da zaɓe a tashar Jitra.

Afirka fa, wadda ta ba da rabin tushen? Ta daɗe tana jira. An ɗebi kifin ne kafin yarjejeniyar kare halittu ta 1992, lokacin da babu ƙa'idar raba moriya da ƙasar da iri ya fito. Sannan akwai fargaba mai tushe: kifin gona yana tserewa, musamman da ambaliya, kuma a Afirka zai tarar da 'yan uwansa na daji ya gauraya da su. An ga yadda karfasar Nilu da aka zuba a tafkin Biktoriya ta taimaka wajen danne karfasar asali ta wurin. Wani taron masana da aka yi a Nairobi a 2002 ya fitar da sanarwa mai jan hankali kan shigo da iri, kuma sai a 2007 WorldFish ta amince da manufar kai GIFT Afirka bisa sharuɗɗa. A tsakani, hanyar aikin aka kawo maimakon kifin. Masar ta fitar da irin Abbasa, Ghana ta fitar da irin Akosombo daga kifin yankin Bolta, a Malawi da Zambiya kuma aka yi zaɓe a kan karfasar ƙasar. A ganinmu wannan ce gudummawa mafi daraja da haɗin gwiwar ya bai wa nahiyar, duk da cewa shirye-shiryen ba su samu kuɗi mai ɗorewa kamar na Asiya ba.

Cuta ta ƙara sauya lissafin. A 2014 masana a Isra'ila suka gano ƙwayar cutar TiLV mai kashe karfasa, kuma daga ƙarshen 2018 wata ƙwayar, ISKNV, ta yi ɓarna sosai a kejunan tafkin Bolta. Cibiyar Roslin ta Sukotlan da WorldFish sun nuna a 2020 cewa juriyar TiLV abu ne da ake gada a cikin GIFT, wato ana iya zaɓe a kansa kamar yadda aka yi da girma.

A Najeriya tarwaɗa ce ta mamaye kiwo, karfasa na biye daga nesa. A 2022 WorldFish ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Premium Aquaculture don kawo GIFT ƙasar. Irin wannan shigowa tana farawa ne da killace kifin ana gwajin cuta, sannan garken tushe ya ba masu ƙyanƙyasa iyaye, su kuma su sayar wa manoma 'ya'ya. A mataki na biyun nan ake yawan ɓata iri. Mai ƙyanƙyasa ya sayar da manyan kifayen, ya bar ragowar da ba su girma ba su zama iyaye, ko ya bar karfasar rafi ta shigo masa ta bututun ruwa marar raga. Maganin sananne ne: iyaye ɗaruruwa, a sabunta su daga garken tushe duk bayan shekara biyu zuwa uku, a sa raga a mashiga da mafitar ruwa, a kuma rubuta inda kowane rukuni ya fito da ranar da ya iso.