Waiwaye: ruwan da ke sauka a filin jirgi, ina yake tafiya ne?

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne. In watan Afrilu ya kama pompo ya ɗauke, sai ka ga bido a jere tun asuba, mata da yara zaune a kai suna jira, ƴan garuwa kuma su ƙara kuɗi ba wanda zai ce musu kanzil. To a watan Ogusta da ya wuce ina bisa kabu-kabu muka bi ta gefen filin jirgi bayan an sheƙa ruwa, na ga yadda ruwa ke malalowa daga wajen, a wani ɗan kwari har ya taru yara na ta tsalle a ciki. Tun ranar nake tambayar kaina, wannan ruwan duka ina yake zuwa, kuma mi ya kwaso a hanya?

Matsalar ruwanmu ta girmi filin jirgin nesa ba kusa ba. Garin nan bisa dutse yake zaune, duwatsun da kake gani a Birni su ne dai a ƙarƙashin ƙafarka, shi ya sa ko ka yi foraj a cikin gari ba kasafai kake samun abin kirki ba. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai a 1926. Har gobe ruwan da ke cika shato daga nesa ake turo shi, Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya Ganaram. Ɗan ruwan da ke kusa da mu kuwa na sama-sama ne, tapkuna da rijiyoyi marasa zurfi, kuma irin wannan ruwan shi ne ya fi saurin gurɓacewa in an zubar da wani abu a ƙasa.

Da aka kafa dokokin jiragen sama na duniya a Cikago a 1944, da kuma lokacin da aka kafa ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka irin namu, a 1959, abin da ke gaban mutane shi ne jirgi ya tashi lafiya ya sauka lafiya. Ko da aka fara maganar muhalli ma ƙarar jirgi da hayaƙi aka fara kamawa. Ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta sai da ta yi shekaru tana shan abin da aka zuba mata kafin a waiwaye ta.

Abu na farko da ta sha shi ne mai. Man manyan jirage kusan kananzir ne, ana aje shi a tanki ana tura shi ta bututu, kuma bututu in ya tsufa yoyo yake. A sansanin sojan sama na Kirtland a birnin Albukarki na Amurka sai a 1999 aka gano mai ya daɗe yana tsiyaya cikin ƙasa, shekaru da dama, galan miliyoyi, ga shi birnin a hamada yake kuma ya dogara sosai da ruwan ƙarƙashin ƙasa kamar mu. Har yanzu ana zuƙo ruwan ana tacewa. Ƙananan jirage masu farfela kuma da yawansu mansu na da dalma a ciki har yau, alhali man mota mai dalma an daina sayar da shi a duniya tun 2021. Turawa na da wata damuwa ta maganin da suke fesa wa jirgi don ya narkar da ƙanƙara, wannan kam bai shafe mu ba, mu ƙanƙara sai ta firij.

Amma babbar magana ita ce kumfar kashe gobara. Wutar mai ba a kashe ta da ruwa zalla, man zai hau saman ruwan ya ci gaba da ci. A shekarun 1960 sojan ruwan Amurka da kamfanin 3M suka haɗa wata kumfa mai shimfiɗuwa bisa mai ta toshe iska, kuma bayan gobarar jirgin ruwan yaƙi Forrestal a 1967, wadda ta kashe mutum 134, kumfar ta zama ta dole, daga baya ta bazu filayen jirgi na duniya. Gaskiya ta ceci rayuka, ba mai musu. Matsalar ita ce sinadaran da ke cikinta, waɗanda ake kira PFAS, ba su ruɓewa, rana ba ta cin su, ƙasa ba ta cin su, sai dai su bi ruwa su shiga rijiya, daga rijiya su shiga kifi da nono da jinin mutum su zauna shekaru. Kuma ba wurin gobara aka fi zubar da ita ba, wurin atisaye ne. Ƴan kwana-kwana su zuba mai a rami su kunna su kashe da kumfa, su wanke mota, wata mai zuwa a sake, a wuri guda shekara talatin, ba su ma san guba ba ce tunda ba wanda ya gaya musu.

A shekara ta 2000 kamfanin 3M ya ce zai daina yin PFOS, ɗaya daga cikin sinadaran PFAS ɗin nan. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta sa shi a jerin sinadaran da za a taƙaita a 2009, ta ƙara ɗan'uwansa PFOA a 2019. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. A Ostareliya mutanen garuruwan Williamtown da Oakey da Katherine da ke maƙwabtaka da sansanonin jirage sun kai gwamnati kotu, a 2020 aka sasanta kan sama da dalar ƙasar miliyan 200. A 2024 Amurka ta sa wa PFOS da PFOA iyakar nanogiram 4 kowanne a lita ɗaya ta ruwan sha. Na zauna na buga lissafi, wannan kusan ɗigo guda ne cikin bido dubu 500 masu lita 25. Filaye da yawa yanzu sun koma kumfar da babu waɗannan sinadarai, abin ba gagara ya yi ba.

Mu a Sahel akwai kuma namu na musamman, maganin fara. Jiragen feshi a filin jirgi ake ɗura musu magani, a nan ake wanke tanki, a nan ganguna ke kwana, kuma a da can dieldrin ake amfani da shi, wanda shi ma daɗewa yake a ƙasa. Wanda ya ga farar 2004 ya san yawan feshin da aka yi.

To ɗaya ɓangaren, tattalin ruwa. Filin jirgi babban faranti ne aka shimfiɗa wa ruwan sama. Filin Changi na Singafo ya daɗe yana tara ruwan da ya sauka a titin jirgi yana atisayen gobara da wanke banɗaki da shi, a Frankfurt ta Jamus kuma na rufin gini suke tarawa. Mu ɗauki misali, titi mai tsawon kilomita 2 da faɗin mita 30, ruwan shekara milimita 400 wanda shi ne kusan abin da muke samu, lita miliyan 24 kenan, bido dubu 960, ban ma sa rufi da wurin ajiye jirage ba. Ko rabi aka kama ai motocin kwana-kwana da banɗaki da shuke-shuke sun rage wa pompon gari nauyi.

Sai dai ba haƙa tapki za a yi a bari a buɗe ba. Ruwa a kwance tsuntsaye yake kira, tsuntsu da injin jirgi kuma ba su ga maciji, dinya ce ta sa jirgi ya sauka a kogin Hudson a 2009. Shi ya sa a Amurka ƙa'idar ita ce ramin tara ruwa na kusa da titin jirgi ya tsane cikin awa 48. Kenan tanki rufaffe ake so, wanda ma ya fi dacewa da ranarmu mai shanye ruwa. Kuma ruwan farkon damina shi ne mafi datti, ya wanko baƙin taya da mai da ƙurar wata takwas, dole ya bi ta ramin da ke raba mai da ruwa tukuna.

Ni a ganina namu filin ƙarami ne, jirage ba su da yawa, an gyara shi lokacin Zinder Sabuwa, wato bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garin nan a 2018, kuma wannan ƙanƙantar ita ce sa'armu. Gari na ta matsowa, filin da jiya gona ne yau an yanka shi fuloti, gobe wani zai gina rijiya a tsakar gidansa. Abin da nake so in ji shi ne an ɗebi ƙasar wurin atisaye da ta wurin tankin mai, da ruwan rijiyoyi uku ko huɗu mafi kusa, an kai an auna, a liƙa sakamakon a ofishin magajin gari kowa ya karanta. Sannan a duba gangunan kumfar da ke cikin sito a ga wace iri ce.