Kumburin jijiyoyin zuciya da gwajin CRP

Kumburin jijiyoyin zuciya shi ne faɗan da garkuwar jiki ke yi da kitsen da ya maƙale cikin bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, faɗa ne na sannu a hankali, shekara da shekaru yana ci mutum bai jin komai a jikinsa. Ido ba ya ganinsa, hannu ba ya taɓa shi kamar kumburin ƙafa, sai dai a auna alamarsa a jini, kuma alamar da aka fi aunawa ita ce wani furotin da hanta ke sarrafawa mai suna CRP. Shi ya sa likitan zuciya a yanzu yake duba abu biyu, yawan kolestorol da kuma wannan kumburin, don an sha ganin mutum kolestorol ɗinsa lafiya lau amma bugun zuciya ya kayar da shi.

Yadda kitsen ke taruwa

Da yawanmu mun ɗauka kamar fayif ɗin ruwa ne da datti ke taruwa a ciki har ya toshe. To abin ya fi kama da maruru. Mugun kolestorol ɗin da ake kira LDL yana kutsawa ne ƙarƙashin fatar cikin jijiya, musamman in hawan jini ko ciwon suga ko hayaƙin sigari sun riga sun kuje wurin, yana shiga sai ya lalace, jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙo, fararen ƙwayoyin jini su bi shi ciki suna haɗiyarsa har su cika fam su mutu a wurin, gawarsu da kitsen su zama wani curi mai taushi, jiki ya yi masa marfi da zaruruwa. In marfin mai kauri ne mutum na iya tsufa da abinsa. Amma in kumburin na ci, waɗannan ƙwayoyin suna fitar da sinadaran da ke cinye marfin ya yi siriri, ranar da ya fashe jini ya daskare a kai nan take, hanya ta toshe, naman zuciyar da ke gaba ya fara mutuwa cikin mintuna. Wannan shi ne bugun zuciya. Abin da ya fi tayar da hankali, da yawan curin da ke fashewa bai ma rage faɗin jijiyar sosai ba kafin ranar, shi ya sa za ka ji ana cewa jiya ma tare muka yi sallar isha'i.

Tun ƙarni na 19 Rudolf Virchow na Jamus ya ce akwai kumburi a wannan cutar, aka daɗe ba a ba maganar muhimmanci ba, sai a 1999 Russell Ross ya rubuta maƙalar da ta kira cutar kai tsaye cutar kumburi.

Shi kansa gwajin

A 1930 William Tillett da Thomas Francis suka gano CRP a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, a jinin masu ciwon nimoniya. Saƙo ne ke zuwa wa hanta daga wurin da ake faɗan, ta wani sinadari IL-6, ita kuma ta saki CRP. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna shi CRP hayaƙi ne kawai, wutar tana can baya wajen su IL-6, amma dai hayaƙin ke nuna gidan da ke ci.

Na zuciya ana kiransa hs-CRP, mai iya kama ɗan ƙanƙanin adadi. Ma'aunin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, suka fitar a 2003 shi ne, ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. In ya haura 10 kuwa ba a ma fassara shi da zuciya, a nemi wata cuta a sake gwaji. Kuma sau biyu ake so a auna, tsakaninsu sati biyu.

A nan Kaduna wannan sharaɗin ne mafi muhimmanci wallahi, saboda CRP bai san zuciya daga maleriya ba. Maleriya, taifod, mura, ruɓaɓɓen haƙori, ciwon sanyin fitsari, duk suna ɗaga shi cikin awanni, wani lokacin ya ninka ɗaruruwa. Sai ka ga dattijo ya fito daga lab a Tudun Wada da damina, takarda a hannu an ja wa lamba jan layi, ɗansa ya duba a waya ya ce masa zuciya ce, ba su yi barci ba ranar. Da safe likita ya kalli takardar ya ce, Baba ka yi zazzaɓi kwanan nan? Ya ce ai shekaranjiya na gama allurai. Ya ce to Baba ka je ka warke sarai ka dawo, wannan ta zazzaɓin ce. Ƙiba ma tana ɗaga shi, haka sigari da shisha.

Abin da gwaje-gwajen magani suka nuna

Wanda ya fi kowa ɗaukar maganar nan a ka shi ne Paul Ridker na asibitin Brigham da ke Boston. A 2008 aka fitar da bincikensa JUPITER, mutum 17,802 waɗanda LDL ɗinsu bai kai 130 ba amma hs-CRP ɗinsu 2 ne ko sama, aka ba rabinsu rosuvastatin miligiram 20, ɗaya daga magungunan rage kolestorol da ake kira sitatin, sai bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu suka ragu da kashi 44 cikin 100, har aka tsayar da binciken tun kafin lokaci. Sai dai magungunan sitatin suna rage kolestorol da CRP a tare, don haka masu ja suka ce ta ina aka san wanne ya yi aikin. Kafin nan ma wani likitan zuciya, Steven Nissen, ya leƙa cikin jijiyoyin da na'urar sikanin mai shiga ciki, ya ruwaito a 2005 cewa waɗanda CRP ɗinsu ya fi sauka curinsu bai girma da sauri ba.

Amsar ta zo a 2017 da wani bincike mai suna CANTOS. Mutum 10,061 da suka taɓa yin bugun zuciya aka gwada wa allurar kanakinumab duk wata uku, wadda ba ruwanta da kolestorol, kumburin kawai take kashewa, kuma a awon miligiram 150 haɗarin ya ragu da kashi 15 cikin 100. A ganina wannan ne binciken da ya raba gardama. Amma allurar tsada gare ta, kuma ta ƙara yawan masu mutuwa da cututtukan ƙwayoyin cuta tunda garkuwa aka taɓa, ba a amince da ita don zuciya ba. Metotireksat kuma, wani maganin kumburi da aka gwada a binciken CIRT, bai yi komai ba, ko CRP ɗin bai saukar ba.

Sai hankali ya koma kan kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓoɓin nan gawut, mai araha, da ake samu daga wani fure. Binciken COLCOT na Kanada a 2019, mutum 4,745, rabin miligiram kullum bayan bugun zuciya, haɗari ya ragu da kashi 23 cikin 100. LoDoCo2 na Ostareliya da Holan a 2020, mutum 5,522, ragi kashi 31. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don zuciya. Sai ga binciken CLEAR a 2024 da mutum sama da 7,000 bai ga wani amfani ba, don haka har yanzu likitoci na zaɓar wanda za su ba, kuma ƙari ne a kan sitatin da maganin hawan jini, ba ya maye gurbinsu. Rage ƙiba, barin sigari, tattaki ko da zagayen Murtala Square ne da safe, duk suna saukar da hs-CRP.

Inda nake jin tsoro shi ne kalmar kumburi ɗin kanta. Mu nan da an ce kumburi sai kemis, a ba ni diklofenak ko ibuprofen. Waɗannan ba sa taɓa curin jijiya da alheri, hasali ma yawan shansu yana ƙara haɗarin bugun zuciya, yana ɗaga hawan jini, yana wahalar da ƙoda. Shi ma kolcisin ɗin yana sa gudawa, mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani ba a ba shi, kuma in aka haɗa shi da kilaritiromaisin da ake rubutawa a haɗin maganin olsa yana taruwa a jini ya zama guba har ya yi kisa, don haka duk wanda aka ɗora a kai ya riƙa zuwa asibiti da ledar magungunansa gaba ɗaya likita ya gani da idonsa.